Kwana Bakwai na Shirun Lasifika

Ranar Laraba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da gwiwar nan taki da ba ta shiri da matakala. Mu nan sai godiyar Allah. Tunda kin ce in na kira ki a waya kamar sauro ne ya shige miki kunne, na koma takarda. Ita dai ba ta cewa in ɗaga murya.

Kin tuna maƙwabciyata ta saman bene, Kiristar nan da ta tsare ki a matakala ta ba ki tarihin gidan nan kaf, jaka tana hannunki? Wadda yara ke kira Lasifika, ita kuma tana amsawa da fara'a? To, ranar Litinin aka yi mata aiki a maƙogwaro, an cire wani ɗan tsiro da ya fito mata a jijiyar murya. Likita ya kafa mata doka: kwana bakwai ba magana, ba raɗa, ba gyaran murya, ba dariya mai sauti. Ya ce idan aka fama wurin kafin ya haɗe, muryar za ta dishe ke nan har abada. Yaya, matar nan shekara ashirin ita ke jan waƙa a cocinsu, ita ke koyar da mata karatu. In aka raba ta da murya ban san me aka bar mata ba.

Mijinta direban babbar mota ne, yana hanya, 'ya'yan kuma duk sun yi nisa. Sai ga ta a ƙofata da ɗan allon jikarta da alli, ta rubuta cewa ni ce bakinta na mako guda. Ni, Yaya! Ni da mai kayan miya ke ce wa in sake faɗa sau uku.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne karatun matan, don ta ce ba za a fasa ba, a falonta za a yi, ta rubuta ni in karanta. Na kai maganar wurin maigidana Malam. Ya ce maƙwabci marar lafiya yana da haƙƙi, kuma ɗan aike ba shi ne mai magana ba. Don haka kowace jimla da "ta ce" nake fara ta, in sun tashi addu'arsu kuma sai in shige kicin in ɗora musu shayi.

Yau suka zo su takwas. Darasin a kan yaƙin Bani Isra'ila ne da wani birni mai ganuwa. Wai an umarce su su zagaya birnin sau ɗaya kowace rana har kwana shida, kada wanda ya ce uffan, sai a rana ta bakwai za a busa ƙaho su yi ihu, ganuwar ta zube. Ta rubuta cewa sojan da ya wasa takobinsa aka ce masa ya yi ta tafiya bakinsa a rufe, mutanen kan ganuwa suna yi masa dariya, ba ƙaramar bangaskiya ya yi ba, don biyayya ba ta jiran sai ka fahimci dalili. Na karanta a tsanake, duk suka matso kusa don su ji ni.

Ga inda na yi abin kunya. Kin san horon malaminmu na allo: abin da ke rubuce shi za ki karanta, ba ƙari ba ragi. Tana gogewa tana rubutawa, ni ina bi. Ashe a tsakiya ta rubuta wani saƙo nawa ni kaɗai. Ban ankara ba na ji bakina yana cewa, "Ta ce, kwashe biskit ɗin nan daga gaban Mataimakiya, ta ci shida." Mataimakiya ita ce mai bi mata a jan waƙa, kuma na bakwai yana hannunta a lokacin. Lasifika ta cusa matashin kujera a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ni kuma ina roƙon Allah kada dariyar ta fito. Ba ta fito ba. Mataimakiya dai ta ajiye biskit ɗin, ta ɗauki jakarta ta fita. Na bi ta har ƙasa ina ba ta haƙuri, ban sani ba ko ta ji ni.

Za ki tambaye ni zancen fulawa. Har yanzu in ta ba tukwanen furannin barandarta ruwa a kan shanyata yake sauka. Shekara tara ina fara mata maganar, ban taɓa wuce "Dama ina so in ce" ba sai ta karɓe. Malam ya ce ga dama ta samu, yanzu ba za ta katse ni ba. Na ce a'a. Ba zan kai ƙarar mutum gabansa a ranar da ba shi da bakin kare kansa ba.

Ki gaida min kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Raɗa


Ranar Asabar

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Da ɗan kaushin maƙogwaro nake rubuto miki, za ki ji dalili.

Ranar Alhamis na hau na sami Lasifika zaune bakin gado, ido ya yi ja. Ta ɗaga matashin kai ta ciro wayarta ta miƙo min. Ta rubuta cewa sau biyu ta danna lambar mijinta, da niyyar ta yi masa raɗa kaɗan, ai likita ba zai sani ba. Sai ta tuna wani sojan Bani Isra'ila da aka hana su taɓa ganima, ya ɗauki 'yar kaɗan ya binne a ƙarƙashin tantinsa yana ganin ba wanda ya gani, aka wayi gari rundunar duka ta sha kashi saboda shi. Ta ce ga tata ganimar, in tafi da ita. Daga nan ta rubuta wani abu a ƙasan allon da ƙananan baƙaƙe, ta yi saurin gogewa, amma na riga na gani: tana tsoron ko ta cika kwanakin muryar ba za ta dawo ba. Na zauna kusa da ita na tsefe mata kai.

Tun ranar ni ke amsa wayar. Mijin ya kira, na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara ya ce, "Baiwar Allah, layin nan babu kowa ne?"

Yau matan suka dawo, har da Mataimakiya, ta zauna nesa da faranti, ko kallonsa ba ta yi. Kafin a fara na roƙi Lasifika duk abin da yake nawa ta ja masa layi a ƙasa. Darasin yau a kan wani shugaban yaƙi ne da ya tara dubban mayaƙa, aka ce masa sun yi yawa. Ya sallami matsorata, aka ce har yanzu da yawa. Aka kai su bakin ruwa, aka tace su ta yadda kowa ya sha, 'yan kaɗan suka rage, kuma da su aka ci yaƙin, don kada wani ya bugi ƙirji ya ce ƙarfinsa ne. Yaya, tsigar jikina ta tashi, don kin san mu ma mun karanta makamancinsa, na rundunar da aka jarraba da kogi. Ban faɗa ba, tunda ba a rubuce yake ba.

Da aka gama na shiga kicin. Sai na jiyo Mataimakiya tana cewa tunda gobe ita za ta ja waƙa, bari su gwada a nan, mai wurin ta ji. Ta ɗauko waƙar da Lasifika ta fi ji da ita, wadda shekara tara nake ji ta silin ɗina har na san inda take hawa da inda take sauka. Ta ja ta kamar mai jan buhu, ta hau inda ake sauka. Ko da gangan ta yi don ramuwar biskit, ko iyakar iyawarta ke nan, Allah ne masani, ba zan ɗauki alhakinta ba.

Na leƙo da tire a hannu. Na ga Lasifika ta miƙe tsaye, allon ya faɗi, ta cika ƙirji da iska, baki ya buɗe. Kwana shida na wahala za su tafi a kan baiti ɗaya.

Yaya, ban san daga ina ta fito ba. Na dai ji an ce "KI YI SHIRU!" har gilashin taga ya amsa, sai daga baya na gane ni ce. Waƙa ta tsaya cak, don Mataimakiya ta ɗauka da ita nake. Wata ta saki kofi. Malam ya hawo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya yana tambayar ina wutar take. Da aka ce masa matarsa ce ta yi tsawa, ya dube ni ya ce shekara ashirin da shida yana zaune da ni bai san da wannan ajiya ba.

Lasifika ta koma ta zauna a hankali, ta ɗauki allon ta rubuta, na karanta musu, kunya kamar ƙasa ta tsage: "Ta ce, ashe akwai ƙaho a gidan nan ban sani ba." Har Mataimakiya sai da ta yi dariya, ta kuma miƙa hannu ta ɗauki biskit.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Kafin tsawata ta fita, na ji wani ɗan sauti ya kuɓuce mata, gajere, kamar ƙarar ƙofa. Na tambaye ta ko da zafi, ta girgiza kai, amma na ga tana ta shafa wuya. Jibi za mu koma asibiti. Ki sa ta a addu'a.

Taki,
Raɗa


Ranar Litinin

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Ba zan ja miki rai ba: alhamdu lillahi.

Tun a layin asibiti take riƙe da hannuna. Ta rubuta min a bayan katinta cewa shekara ashirin tana koyar da labarin ganuwar nan, kullum a kan ihun take tsayawa, don nan ne wurin daɗi. Sai yanzu ta san ihun kowa ma zai iya, kwana shidan nan ne aikin.

Likita ya zura 'yar na'urarsa mai fitila ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa na kasa haƙuri, na gaya masa zancen ɗan sautin ranar Asabar, don ban ga amfanin a ɓoye masa ba. Lasifika ta harare ni. Ya yi murmushi ya ce wurin ya haɗe sumul, wannan bai yi komai ba, amma da waƙar ta fito da yanzu wani zancen ake. Ya ce magana kaɗan-kaɗan a hankali, waƙa sai bayan wata biyu. Sannan ya ajiye na'urar ya ce, "To Madam, bari mu ji."

Na ɗauka godiya ga Allah za ta fara da ƙarfi, ko ta nemi wayarta. Ta rufe ido tukuna, leɓunanta suna motsi, na san da Ubangiji take. Da ta buɗe sai ta juyo gare ni. Muryar ta fito 'yar siririya, tas, babu dishewa, kamar tawa. Ta ce, "Raɗa, mako guda ina sauraronki, na lura ba kya barin magana a rabi. Mece ce wadda kike fara min kullum a matakala?"

Na ce mata ba yau ba. Ta ce yau, kuma ba za ta katse ni ba, likita shaida ne. Sai na faɗa mata zancen ruwan fulawa da shanyata, daga farko har ƙarshe, har da farar rigar Malam da na sake wankewa sau uku. Ta ware ido ta ce, "Shekara nawa?" Na ce tara. Ta kama baki, kafaɗun suka fara rawa, likita yana cewa a hankali Madam, a hankali.

Muna dawowa ko mayafi ban cire ba na jiyo ana jan tukwane a sama. Ta mayar da su can ɗaya gefen barandar, guda ɗaya kuma, mai jan fure, ta sauko min da shi da kanta. Ta ce in riƙa ba shi ruwa da safe, kuma in na ga yana ɗiga wa na ƙasa, in jira su faɗa min.

Yanzu haka shanyata tana waje, ta bushe ƙayau. Gobe zan kira ki a waya, ki ɗan nisanta ta da kunnenki.

Ki gaida maigida da yara, Malam ma yana gaisuwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Raɗa