Inna Ba Za Ta Kira Sunana a Sararin Samaniya Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin jirgin saman da ya kwashe mu daga Abuja zuwa Kalaba ta Legas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ban-gajiya, ina fata wannan takarda za ta riski Mai Girma cikin ƙoshin lafiya, yana zaune a doron ƙasa, a kan kujerar da ba ta girgiza.

Ni ne Shu'aibu, ɗalibi, mazaunin Gangaren Tudu a garin Keffi, wanda abokansa suka yi ittifaƙi cewa ba ya barin magana ta fita daga bakinsa sai ya naɗa mata rawani. Sai dai, ranka ya daɗe, yau rawanin ne kawai a tsaye. Mai naɗa shi har yanzu bai dawo hayyacinsa ba.

Ƙanwata ta haihu a Kalaba, inda mijinta ke aiki, sai majalisar ƙolin gidanmu ta ɗora mini nauyin raka mahaifiyarmu, Inna, ta je zaman jego. Inna na fama da asma, kuma abin shaƙarta na zaune a jakar hannunta dare da rana. Kujerun jirgin kai tsaye sun ƙare, don haka muka yanki tikitinku mai yada zango a Legas. Muka tsallake cunkoson Mararaba da Nyanya da rai da lafiya. A zangon farko kun zaunar da mu kafaɗa da kafaɗa, kun ba mu ruwa da biskit, na karɓa da duk martabar da ta dace da su. Ba ni da ƙorafi a nan. A Legas al'amari ya ɓaci.

Na farko, batun kujera. Tikitinmu tare aka yanke shi, amma a jirgi na biyu na'urarku ta ajiye Inna can gaba, ni kuma ta naɗa ni sarkin ƙofar ban-ɗaki a layin ƙarshe. Na roƙi ma'aikaciyar teburi ta haɗa mu, ta ce in daidaita da fasinjoji a ciki. A ciki aka ce in zauna, an makara, tafiyar kuma gajeriya ce.

Na biyu, batun jaka. Jirgin ƙarami ne, mai farfela. A gindin matakala wani ma'aikaci yana karɓe jakunkunan hannu yana tura su ma'ajiyar kaya da ke ƙasan jirgi, wai babu wurinsu a sama. Jerin mutane ya riga ya raba ni da Inna, ban ga lokacin da ya karɓi tata ba. Bai tambaye ta abin da ke ciki ba. Ita kuwa ba ta jin Turanci, kuma ba ta musu da mai kayan sarki, ko da na ɗaukar kaya ne.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ni ɗan fari ne. Tun da na zo duniya Inna ba ta taɓa furta sunana ba. A bakinta ni ne yaron nan, kuma idan tana nemana gyaran murya take yi. A tsakar gidanmu wannan tsari bai taɓa gazawa ba. A cikin jirgi mai ƙarar farfela, gyaran murya ba ya wuce kujera ɗaya.

Da muka shiga gajimare jirgin ya fara faɗawa rami yana fitowa. Ni, gwarzon tafiyar, na rufe ido, na riƙe hannun kujera, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. A daidai lokacin sanyin jirgi da firgici suka shaƙe ƙirjin Inna. Ta lalubi jaka, babu jaka. Ta san ina bayanta, ta san da ta ɗaga murya sau ɗaya zan ji, amma ba ta kira ba. Wata baiwar Allah 'yar Kalaba da ke gefenta ce ta ji numfashinta yana fito kamar usur, ta danna ƙararrawa. Ma'aikatanku suka tambayi Inna sunan wanda take tare da shi, wani fasinja mai jin Hausa ya fassara mata, sai kawai ta nuna baya da hannu. Haka aka bi layi-layi ana cigiyar mai tsohuwa har aka iso kaina.

Ranka ya daɗe, da na isa wurinta, na ga leɓunan mahaifiyata sun sauya launi. Na durƙusa a hanya ina riƙe da ƙafarta, maganinta kuma yana ƙarƙashinmu, tsakaninmu da shi ƙarfe ɗaya, babu mai iya miƙo shi. Duk manyan kalmomina suka gudu suka bar ni. Ba zan tauye haƙƙi ba: ma'aikaciyarku ta kawo tukunyar iska ta ɗora mata, ta tsaya a kanta har muka sauka, aka kuma fara fito da jakar kafin ta kowa. Allah ya saka mata da alheri. Amma da an yi tambaya ɗaya a gindin matakala, da ba a kai ga jarumtarta ba.

Na huɗu, kwatanci. Na dawo ni kaɗai a jirgin wani kamfani, shi ma mai farfela, shi ma mai karɓar jaka. Biskit ɗinsu bai kai naku ba, sun kuma makara fiye da ku. Amma mai karɓar jakarsu yana tambayar kowa ko akwai magani a ciki, har yana kwatantawa da hannu a baki ga wanda bai ji ba. Na kuma ga sun tayar da wani matashi cikin ladabi don wata mata ta zauna kusa da mahaifinta. Ba a ƙara wa jirgin fiffike ba kafin a yi haka.

Arba'in ta kusa, kuma tikitin dawowar Inna naku ne. Ta sa ƙanwata ta gaya mini a waya cewa ita mota za ta biyo, daga Kalaba har Keffi, da wannan ƙirjin, cikin ƙura da hayaƙin tireloli. Hanyar tana ba ni tsoro, jirginku yana ba ni tsoro, kuma dole in zaɓa mata ɗaya.

Saboda haka ina roƙo, da dukkan ƙasƙantar da kai. A umarci mai karɓar jaka ya tambayi kowane fasinja batun magani, da harshen da yake ji ko da ishara. A daina raba tsoho da ɗan rakiyarsa a zango na biyu. Sannan a ba ni tabbaci, tun kafin in kama hanyar Kalaba, cewa kujerata za ta manne da tata daga tashi har sauka. Idan na samu wannan zan lallashe ta ta hau. Idan ban samu ba, zan bar muku kujerun biyu, in zauna kusa da ita a mota, inda aƙalla zan ji numfashinta da kunnena.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya tsare jiragensa da duk wanda ke cikinsu, ya kuma sa kada ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana neman iska.

Wassalam.

Shu'aibu,
Gangaren Tudu, Keffi.