Sanyin da ya fito daga ƙasan gidanmu

Daren Alhamis, tsakiyar bazara, Paki.

Baba ya yi barci. Tun da zafin nan ya kama, asmarsa ta tashi, a zaune yake kwana yana haki, Inna tana masa fifita har hannunta ya sage.

Yau ƙanena Sani ya tada injin sanyaya ɗaki da ya haɗa mana. Ya ce in aka yi zurfi, ƙasa ba ta san bazara ba, ba ta san ɗari ba. Ruwan da ke zagayawa cikin bututun da ya binne shi ke kwashe zafin ɗaki ya kai mata, lokacin sanyi kuma ya aro ɗuminta. Na sha karanta wannan game da Turai. Ban taɓa zaton zan ji shi a fatata a Paki ba.

Inna ta kusa hana aikin. Ranar da masu haƙa suka nufi bayan ɗakinta, ta tare su, ta juyo gare mu, mu 'ya'yanta. "Nan aka binne mabiyiyar kowannenku ranar haihuwarsa. Ba mai sa diga."

Sani ya ce, "Inna, bututu ne fa kawai."

"To, bututun ya kewaya."

Haka ramin ya lanƙwasa.

Ɗazu bayan isha'i ta ajiye mafici, ta miƙa hannu inda iskar ke fitowa. Ta daɗe a haka.

"Sani, daga ƙasan nan ne?"

"Daga nan ne, Inna."

"Ikon Allah. Ashe ba ajiya kaɗai take yi ba."

Har yanzu ina jin minsharin Baba ta bango.