Inda Baba Yake Taimama

Yaya Inuwa, sannu da dawowa.

Na tafi ɗakin magani na Makarfi a keke in karɓo wa Baba magani, ban iya jiranka ba. Jan idon Baba da tarin nan nasa ba hayaƙin murhun matarka ba ne, kamar yadda aka yi ta faɗa. Ni ne.

Ran Talata ya ce kuɗin cizo sun hana shi barci. Sai na ɗebi garin maganin ƙwarin auduga da malamin gona ya ba mu, na barbaɗa a gindin bango da ƙarƙashin tabarmarsa. Ban gaya wa kowa ba. Na sha'afa cewa tun da ciwo ya hana shi taɓa ruwa, a gindin bangon nan yake taimama. Yau da asuba na ga ya buga tafukansa a wurin ya shafa a fuska. Sau biyar a yini, kwana huɗu ke nan.

Na mai da shi ɗakina, na ajiye masa yashin rafi a faranti. Kada ka bari ya koma ɗakinsa, kada kuma a share ɗakin sai an yayyafa ruwa.

Ka ba matarka, Yaya Lantana, haƙuri. Ina zaune aka yi mata faɗa a kan laifina.

Da na ɗauko shi ya yi ta sa mini albarka, wai tun Talata yake samun barci. Na kasa cewa amin.

Ƙaninka, Zailani