Man Gyaɗa a Birkin Kekena

Bukuru,
9 ga Nuwamba, 1974.

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fatan ciwon bayan Inna ya yi sauƙi. An gama yankan dawa a Roni? Ni lafiya lau nake, aikin kuza ba laifi. Ƙafar ce kawai take damuna in an yi sanyi.

Yaya, na ji komai. Wani ɗan garinmu ya zo nan, ya ce Barnaba abokina da bakinsa yake ba da labari a kasuwa yana dariya, wai shi ya shafa wa robar birkina man gyaɗa ranar da muka yi tseren keke daga kan dutse har na faɗi. Shekara biyu ina ɗingishi ina cewa tsautsayi ne! Har da shi a masu ɗauko ni, munafuki, yana ta "sannu ɗan'uwa".

Na sayi wani tsohon keke. Kowace Lahadi bayan sujada ni da abokaina muna hawan duwatsun nan. Ki gaya masa ina zuwa Kirsimeti. A wancan dutsen na garinmu dai za mu sake tseren, a gaban kowa, kuma ni zan duba masa birki.

Fasto ya ce in yafe. Na karanta wurin da kaina a Littafi Mai Tsarki, haka aka rubuta. Amma in muna addu'a aka zo wajen yafe wa masu yi mana laifi, sai in kame bakina, don ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ki roƙa mini sanyin zuciya, Yaya. Amma ki bari sai bayan Kirsimeti.

Ƙaninki,
Istifanus