Kalangun Baba Ya Koma Kwamfuta

Treichville, Fabrairu 2010

Zuwa ga Yayata Laila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Zakari da yara. Yaya sanyin Lyon, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san Hausata a baki take, in ta hau takarda sai ta riƙa ɗingishi, amma wannan magana ba zan iya yi miki ita da Faransanci ba.

Yaya, injina ya mutu. Samfilar nan da kike kira akwatin hayaniya, wadda nake haɗa kiɗa da ita tun ina saurayi. Ina aiki da rana a situdiyona na Belleville wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, sai na ji ƙauri. Na zaga da ita wurin masu gyara a Adjamé. Duk wanda ya buɗe cikinta sai ya girgiza kai ya ce mini yako, wato sannu irin ta mutanen nan, kamar gawa na kai masa.

Ba aikina nake yi wa kuka ba, mawaƙa za su iya jira. Kalangun Baba ne a ciki. Kafin ciwon nan ya shanye masa ɓarin hagu ya tafi da maganarsa, na taɓa zaunar da shi na ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya, na sama da na tsakiya da na ƙasa, na raba su a kan madannan roba na injin. Ke ba ki ga abin da muke yi ba tun tafiyarki. Kowace Juma'a in an sauko masallaci nakan sa injin a woro-woro, tasin nan ta haɗaka, zuwa gida Williamsville, in ajiye shi gefen katifar Baba, in buga masa take-takensa da yatsuna, na mahautan kasuwa da na 'yan dambe da na rakiyar amarya. Ranar ce kaɗai yake cinye tuwonsa ba a roƙe shi ba. Yanzu in na shiga hannuna yake fara kallo. Inna ta ce loma biyu ma sai ta yi da gaske, kuma wallahi ya rame.

Allah ya saka wa abokina Harisu mai gyaran kwamfuta da alheri. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta mai cin disket a ƙarƙashin teburinsa, muka zauna muna kwashe sautukan da na taɓa adanawa a disket. Danshi ya cinye wasu, amma kalangun ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Ya sa mini manhajar haɗa kiɗa a kwamfutata ta hannu. Da yake babu madannan da zan buga, sai na jera bugun da linzamin kwamfuta cikin 'yan gidaje-gidajen da ke kan allo, kowane a mazauninsa, tsaf. Ni har ina yabon kaina. Na kai wa Baba. Ya saurara kaɗan, sai ya juya fuskarsa bango. Inna ta ce wannan ai kiɗan agogo ne. Ba zan ɓoye miki ba, tsakar gida na fita na share hawaye.

Harisu ya ce abin da ya rage mini shi ne wani faranti mai madannan roba da ake haɗawa da kwamfuta, kwanturola sunansa, don in koma bugu da yatsu. Mun duba nan ba mu samu ba tukuna. Ki sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe wa yara kunne saboda sanyi.

Ƙaninki,
Jabiru

Treichville, Afrilu 2010

Yayata Laila,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, da ke da Malam Zakari da 'ya'yana.

Haba Yaya! Addu'a na roƙa, sai ga Alhaji Idi ɗan kasuwa, da ya dawo daga wajenku, ya aiko in je in karɓi saƙo a shagonsa kusa da babban masallaci. Da na buɗe kwalin na ga kwanturola, zama na yi daɓas a kan buhun shinkafarsa. Ya ba ni labarin yadda kika yi ta yawon kantuna ranar hutunki kina tambayar abin da ko sunansa ba ki iya faɗa daidai ba, ke da kika sha yi mini tsawa in rage ƙara kina karatu. Na gode, na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuriya. Ki miƙa godiyata ga Malam Zakari, na ji shi ya yi ta tuƙa ki.

Ga yadda aka yi. Na fara raba sautukan a kan madannan yadda suke a tsohon inji, na ƙasa a kusurwar hagu, na sama can dama, don kada yatsuna su yi ɓatan kai. Sai wata matsala ta ɓullo. In na buga, sautin ba ya fita nan take, sai ya ɗan makara. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa ta harɗe maka hannu. Na kusa yin jifa da kwamfutar. Harisu ya zo ya cire katin sauti daga nasa kayan aikin ya ba ni aro, ya murɗa wasu abubuwa, makarar ta tafi. Daga nan na gano ashe manhajar tana da shisshigi, duk bugun da na yi sai ta ja shi ta daidaita masa zama. Shi kuwa Baba kin san ba ya tafiya a layi, yakan ɗan ja baya ya bar mai rawa ya jira shi. Na kashe mata wannan gyara da ba a sa ta ba.

Juma'ar da ta wuce na kai kayan gida. Na buga taken mahauta. Bai juya bango ba, Yaya. Ya ji har ƙarshe. Sai ya miƙo hannun dama ya kama wuyan hannuna, yana matsawa yana saki, yana matsawa yana saki. Ni sakarai na zaci godiya yake yi, har na ce masa ba komai. Inna ta yi dariya ta ce gyara yake yi mini. Kalangu ai matse masa tsarkiya ake yi murya ta hau ta sauka, ba tsalle yake yi daga wannan murya zuwa waccan ba. A tsohon injin akwai wani ɗan maja da nake turawa da hagu ya yi mini wannan aikin, wannan kuwa ba shi da shi. Ranar ya ci rabin kwano. Inna ta ce an samu ci gaba, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Kowa yana gaishe ku.

Ƙaninki mai godiya,
Jabiru

Williamsville, Mayu 2010

Yaya Laila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Zakari da yara, da fatan kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Wata rana ina situdiyo na gaji, na ɗora yatsa a kan madanni ina tunani, sai na ga wani ɗan layi a kwamfuta yana hawa yana sauka. Na danna da ƙarfi ya hau, na sassauta ya sauka. Ashe abin da kika aiko ba bugu kaɗai yake ji ba, har nauyin yatsa yana ji bayan an buga. Tsohon injina bai taɓa iya wannan ba. Nan take na haɗa nauyin da muryar kalangun. Ka buga ka danne, murya ta hau. Ka saki, ta gangaro. Na kira Harisu ina ihu har ya zaci gobara ce.

Ban iya jiran Juma'a ba, washegari na tafi gida. Na jingina Baba da matashi, na fara bugawa. Ban yi nisa ba ya ture hannuna, ya jawo farantin kan cinyarsa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kalangu hannu biyu yake so, ɗaya ya buga ɗaya ya matse, shi ya sa tun da hagunsa ya mutu bai ko kalli nasa da ke rataye ba. Wannan kuwa hannu ɗaya ya ishe shi.

Da farko abin bai yi daɗi ba, kukan akuya kawai yake fita. Ya fusata, ya doki katifa. Ban taimaka masa ba, don kin san halinsa. Ya sake, ya sake, gumi yana zubo masa. A hankali yatsan ya gane hanya. Sai ya buga wani ɗan gajeren kiɗa wanda ban taɓa ji ba, ba ya cikin abin da na ɗauka, ba ya cikin wanda yake yi a kasuwa ko wajen biki. Ya maimaita shi.

Inna tana tsakar gida tana wanke-wanke. Kawai sai na ji ta amsa da na'am, da ƙarfi, yadda ake amsa kira. Ta shigo da kumfa a hannu ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa gaba ta kasa baya. Shi yana kallonta, gefen bakinsa mai motsi yana rawa. Ni na tashi na ba su wuri.

Daga baya ta gaya mini, tana sunkuyar da kai sai ka ce yarinya, cewa da wannan kiɗan yake kiranta tun tana budurwa, in ya biyo ta ƙofar gidansu a Treichville. Da aka haife mu ya daina don kunyar yara. Ta ce tun ranar da ya faɗi ba ta ƙara jin ya kira ta ba, ta ma cire rai.

To Yaya, kayan aikina sun tare a ɗakin Baba, da kwamfutar da farantin da katin Harisu, wanda ya ce in ma daina zancen mayarwa. Mawaƙa suna ta nemana, na ce su ƙara haƙuri. Ban san da wane baki zan gode miki ba, Allah ne kaɗai zai biya ki. Baba yana cin abinci sosai yanzu, don Inna ta kafa masa doka cewa in bai cinye ba ba za ta amsa ba.

Ta ce in gaya miki kin jawo mata aiki. Tun safe yake kiranta, a kawo ruwa, a gyara matashi, wani lokacin ma ba don komai ba. Tana ta mita, amma ina zaune a nan tun hantsi, ban ga ya kira sau ɗaya ta bari ya maimaita ba.

Wassalam, naki har kullum,
Jabiru