Sultan Ɗin da Inna Take Sa wa Albarka

Al Rigga, Dubai

Yaya Musbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Wasila da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, ina ci ina sha.

Sai dai akwai labarin da zan gyara. Sultan, wanda na ce ina kula da shi a gidan Madam, Baturiyar da nake wa tuƙi, ba yaro ba ne. Kare ne. Ranar da Inna ta ce "Allah Ya raya shi," nauyin baki ya kama ni, har ta aiko masa da 'yar hula.

Ranar Asabar na kai Madam da Sultan garin Umm Al Quwain, wani bakin teku da ake barin karnuka su yi wasa. La'asar ta yi Madam tana cikin ruwa. Na ɗaure igiyarsa a ƙafar kujera, na matsa nesa don kada ya taka mini sallaya. Ina sallamewa, ga kujera, babu Sultan.

Yau kwana huɗu ina zagaya garin da hotonsa. Madam ta ce in bai dawo ba zuwa Juma'a, khalas, wato shi ke nan, za ta soke bizata. Wallahi Yaya, ban san inda zan dosa ba.

Don Allah ka gaya wa Inna Sultan ya ɓata, ta sa shi a addu'a, tata ba ta faɗuwa ƙasa. In ta tambayi shekarunsa, ka ce uku. Wannan kam gaskiya ne.

Ƙaninka,
Izzuddeen