Yatsuna Sun Ƙi Kama Jita

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki, yaya maigidan da yara? Mu nan Lafia sai godiya.

Tun da na faɗi a babur a hanyar Kwandere, yatsuna na hagu ba sa iya danne tsirkiya. Shekara tara ina kaɗa wa ƙungiyarmu ta hip-hop jita, amma ranar Asabar da wani makaɗin suka yi wasa. Da kaina na miƙa masa jitata ta lantarki. Ya ce, "Oga, aro ne, za ka dawo." Murmushi kawai na yi, don likita ya riga ya faɗa mini gaskiya.

Ta katakon da kika saya mini kuwa ban ba kowa ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bukar